Ɓeraye Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Ranar Litinin, 4 ga Maris, 1996, da ƙarfe ɗaya saura kwata na rana, Lombe Katongo ya fara ganin Tikambenji Maseko. Shekararta shida, ta biyo mahaifiyarta sun kawo wa babanta tuwon masara a kamfanin buga atamfa da ke Ndola. Lombe ne mai zane na kamfanin. Babanta, Yotamu Maseko, shi ke fitar da zanen a jikin farantin da ake buga atamfar da shi. Lombe ɗan ƙabilar Bemba ne, su Maseko kuwa Ngoni ne daga gabas, wato abokan wasa tun kakanni, masu kiran junansu mbuya.

Lombe ya leƙa kwanon ya ce, "Yau ɓera nawa aka soya wa babanki?"

Yarinyar ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Mun so mu kawo maka biri, sai Mama ta ce bai kamata mutum ya ci ɗan'uwansa ba."

Tun daga ranar ya ce ya samu matar aure.

Tsakanin mbuya zagi ba laifi ba ne, ɗaukar kaya a gaban mai shi ba sata ba ce, wanda ya yi fushi kuma shi ya ji kunya. In ɗaya ya mutu, ɗayan ne zai tsaya a kan haƙa kabari, ya shafa wa masu makoki farar hoda, ya ba su dariya ko suna so ko ba sa so. Lombe ya yi wa Yotamu wannan a 2017.

Tika ta yi karatun zane da kwamfuta, kamfanin ya ɗauke ta a 2015. Ranar 20 ga Janairu, 2024, ta zo gidan Lombe, ta ja akwatin ƙarfen da yake ajiye ainihin zanukansa guda ɗari huɗu da sha biyu, ta ce shekara ashirin da takwas yana kiranta matarsa bai biya ko tsinke ba, to ga sadakinta ta ɗauka. Ya yi dariya, don abin da al'ada ta ce ya yi ke nan. Ta ɗauki hoton zanukan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗura su a sabuwar manhajar nan mai koyon hannun mutum ta riƙa zane irin nasa. Ƙarshen Afrilu kamfani ya gode wa Lombe, ya ba shi agogon bango, ya sallame shi. Wani kamfani a Surat ta ƙasar Indiya kuma ya ɗauki Tika aiki, ita da manhajarta.

Asabar, 14 ga Satumba, da hantsi, Lombe na zaune ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa, ba wuta tun jiya, sai ga tasi. Direba ya sauke akwatin ƙarfen a gabansa. Tika ta fito.

"Mai cin biri! Kana raye, ko in koma in kirawo masu haƙa?"

"Ina raye, 'yar ɓera. Ki yi haƙuri, gadonki bai faɗo ba tukuna."

"To me kake jira? Na sayi hodar tun bara, tana neman lalacewa."

"Ki shafa a fuskarki, ko Indiyawa za su ɗauka mutum ce ta sauka."

"Ashe ka ji."

"Garin nan akwai wanda bai ji ba? Har karen gidan liman na coci ya san Talata jirginki zai tashi."

Ta ja benci ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. Ta ɗauki kofin munkoyon da ke gefensa, wani abin sha na masara, ta shanye, ta ajiye.

"Ba sukari."

"Sukari na ma'aikata ne. Mu 'yan agogon bango haka muke sha."

"Ga akwatinka na dawo da shi."

"Sadaki kika dawo da shi? To kin sake ni ke nan. Allah na gode maka. Shekara ashirin da takwas ina fama da mace mai haƙoran gwaguyar buhu."

"Ƙirga su, ɗari huɗu da sha biyu cif. Mu ba Bemba ba ne, in mun ɗauki abu muna mayarwa."

"Haka ne. Mu in mun saci akuya, akuyar muke tafiya da ita. Ku sai ku tatse ta, ku dawo wa mai ita da igiya, har ku ce ya ƙirga."

Tika ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi tsawo ba. Lombe bai taɓa akwatin ba. Ya san nauyinsa, ya san ƙamshin takardun ciki, amma tun Afrilu ko fensir bai riƙe ba, ba ya kuma so ta ga yadda hannun yake yi yanzu in ya miƙa shi.

"Kin shirya guzuri?" ya ce. "Na ji a jirgi kaza da kifi kawai suke rabawa. Ki ɗaure naki a leda, busassu, ki ce musu magani ne."

"Ni da za ni ƙasar da ba a rasa wuta."

"Ki yi hankali dai. An ce can akwai inda ake zuba wa ɓera madara a faranti. Ranar da yawunki ya tsinke kika kama ɗaya, ba ni da kuɗin jirgin zuwa beli."

"Kai ma ka zo mana. Birai a kan kowace katanga. Ko biza ba za su tambaye ka ba, za su ce ɗan gida ne ya dawo."

"In zo in yi me? Ai na riga ki zuwa. Hannuna yana can tun Afrilu, yana aiki dare da rana, ba ya shan shayi, ba ya zuwa jana'iza. Abin da kika bari a nan buhun ne."

Ta buɗe jakarta ta zaro wani ƙyalle, ta shimfiɗa masa a gwiwa.

"Sa tabaranka, tsoho."

Shuɗiyar atamfa ce, irin ta matan zumuntar coci, da kurciyoyi riƙe da ganye a baki. Lanƙwasar fiffiken tasa ce, ba ko shakka; shi ya ƙirƙiro ta a 2003. Amma kowace kurciya tana da doguwar wutsiya siririya mara gashi. Cikin ganyen kuma, in mutum ya ƙura ido, ga kunnuwa zagayayyu bibbiyu, ga gashin baki.

Lombe ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariyar da bai yi irinta ba tun Afrilu, har tari ya sarƙe shi.

"Yi dariya," in ji Tika. "Yadi dubu biyu aka buga kafin wata tsohuwa a Kitwe ta ɗaga shi a rana ta ƙwalla ihu."

"Kurciyar Ngoni ke nan! Ita Nuhu ya aika, ta cinye ganyen a hanya."

"Duk abin da na ce ta zana sai ta sa su. Na ce fure, ga ɓera a tsakiya. Na ce tukunya, ga wutsiya ta leƙo. Na ce ta zana mini zobe kawai, zobe, sai da ta yi masa kunne."

"Na'ura mai ladabi. Ta ga uwar ɗakinta, ta kawo mata abinci."

"Na koma kan hotunan zanukanka. Sati uku ina dubawa. Na samo casa'in da ɗaya."

"Cikin ɗari huɗu da sha biyu."

"Wato a kowanne akwai."

"A kowanne."

"Mugun tsoho. Uwata ta ɗaura ɓera ta je bikina?"

"Lamba ɗari biyu da bakwai. A cikin bakin tulu, yana kallon ango."

Tika ta naɗe ƙyallen a hankali. Da ta sake magana, muryar ta sauka.

"Indiyawan sun ba ni wata ɗaya daga ranar da na sauka. Sai na goge su duka daga hotunan, na sake koya wa manhajar daga farko. In ko ɗaya ya sake fitowa a yadi, in tattara in dawo. Nan kuma ka sani, Disamba za a rufe ɗakin zanen gaba ɗaya. Yara biyu gare ni, mbuya. Mama ta ce akwai wani littafi."

Littafin yana aljihun rigarsa, baƙin bangonsa ya leƙo. Tun safe da ya ji za ta zo ya sa shi a nan, shi kansa bai san ko don ya ba ta ba ne ko don ta gani ta rasa.

"Mamanki bakinta ya fi na rediyo."

"Ta ce kai da Baba ne."

"Ni da babanki ne. Ba da ke ba, ba da Indiyawa ba."

Ya zaro littafin, ya buɗe a gwiwarsa, ya juya mata don ta gani daga nesa. Kowane shafi an ja masa layi huɗu da rula: lambar zane, kwanan wata, inda ɓeran yake, sai layin ƙarshe.

"In na gama zane sai in ɓoye masa abincinsa a ciki. In ya gano kafin a fitar da faranti, ya cire, ni zan sayi abin sha ranar Juma'a. In bai gano ba, shi da hannunsa zai buga ɓera yadi dubu, matan Ngoni su ɗaura su je coci, ya kuma sa hannu a nan ya amsa an ci shi. Sau sittin da uku ya gano. Makaho ne, amma yana ƙoƙari."

"Ga sa hannunsa," in ji Tika. Ta miƙo yatsa, ta tsaya kafin ta taɓa.

"Buɗe idonki ki ga sauran."

Ya juya shafuka zuwa baya. Daga lamba ɗari uku da talatin da ɗaya, layi uku na farko cike suke da rubutu, layi na huɗu fari fat har ƙarshen littafin.

"Wannan bayan ya rasu ne," ta ce.

"Bayan ya gudu dai. Ya ga ana cinsa, ya kwanta ya mutu. Halin Ngoni."

"To wa kake ɓoye wa?"

Lombe ya rufe littafin.

"Tebur biyu ne tsakanina da ke. Shekara bakwai. Duk zanen da na gama, ta hannunki yake bi kafin ya tafi bugu. Sai in ajiye miki, in koma in zauna in yi kamar ina feƙe fensir. In ce yau 'yar Yotamu za ta ɗago kai ta ce, kai tsohon banza, mene ne wannan? Guda tamanin da biyu. Akwai wanda na yi shi ƙato, kusan rabin ganye, don dai ki gani. Sai ki ɗora a gilashi, ki danna, ki miƙo mini ki ce ya yi kyau."

"Ban san da wasan ba."

"Na'urarki ma ba wanda ya gaya mata. Ita ta gani."

Tika ta cusa ƙyallen a jakarta.

"Tikambenji Maseko," ya ce, "kin zo gidana kin ɗauki aikin shekara talatin ina kallo, kin san ba ni da bakin hanawa. Kin san in na ɓata rai gobe duk Ndola za a ce Katongo ya yi fushi da mbuyarsa. Da wannan kika shigo. Ba ki tambaye ni ba don kin san abin da zan ce."

Tun tana shekara shida bai taɓa kiran cikakken sunanta ba. Shi ma ya ji yadda sunan ya faɗi. Wata maƙwabciya da ke shanya a tsallaken shinge ta dakata da riga a hannu. In maganar ta tsaya a nan, ya yi fushi ke nan, a gaban shaida.

Tika ta kalli matar, ta kalli tsohon. Sai ta tafa hannu da ƙarfi.

"Jama'a ku zo ku gani! Biri ya haddace sunan mutum! Maman Bupe, kawo ayaba, yau mijina ya yi magana kamar ɗan Adam!"

Maƙwabciyar ta kwashe da dariya, ta ci gaba da shanyarta. Lombe ya sauke numfashi. Ya san abin da ta yi masa, bai kuma ji daɗin cewa sai ya gode ba.

Tika ta matso da bencin, ta yi ƙasa da murya.

"Tun bara masu kamfanin nan suke shirin sayen zane daga Indiya, su sallame mu duka. Na zaci in manhajar ta koyi hannunka, dole su riƙe mai hannun."

"Kin zaci."

"Na yi kuskure."

"Ngoni ta ce ta yi kuskure. Bari in rubuta kwanan wata." Ya mayar da littafin aljihu, ya bar rabinsa a waje, ya buɗe hannuwa. "To ga shi. Ɗauka mana. Ai kin iya. Ce kuɗin cefane ne."

"A'a."

"Hannunki ya yi ciwo?"

"Wannan ba zan ɗauka ba. Sai in ka ba ni."

"In na hana fa?"

"In je in yi wata ɗaya in dawo, in kafa tebur a ƙofar gidanka ina sayar da soyayyen ɓera. Duk wanda ya tambaya in ce jarin mijina ne."

Lombe ya kalli akwatin. Sannan ya sunkuya ya buɗe shi. Hannun ya yi rawa, ta gani, ta kau da kai ta ce ƙudaje sun yi yawa a gidan Bemba. Ya zaro takardar da ke sama, lamba ɗari huɗu da sha biyu, ta ƙarshe da ya zana: zangarniyar masara da ganyen kabewa, ruwan ƙasa da kore.

"Ajiye wayar. Ba gilashi, ba dannawa. Da idon da babanki ya bar miki."

"In na gano, me zan ci?"

"Littafi. In kin kasa, ki je ki gaya wa Indiyawa kurciyoyinmu haka suke."

Ta karɓi takardar. Lombe ya duba agogon hannunsa, sha ɗaya da minti huɗu. Ta bi ganyen da yatsa. Ta juya takardar a kife. Ta ɗaga ta a rana.

"Babanki da yanzu ya fara zagin uwata."

"Yi shiru, kana hura mini warin biri."

"Kin wuce shi sau biyu."

"Ƙarya kake."

"Sau uku yanzu. Kai, Yotamu, tashi ka ga abin da ka haifa. Ɓera a gabanta, tana jin yunwa, ta kasa gani."

"In ka sake magana zan binne ka a kife."

"Ki dai zo. Ko a tsaye ne ki binne ni, amma ki zo. 'Yata Chilufya ta zama 'yar Lusaka, ba ta san komai ba, za ta ɗauko masu baƙar kwat su binne ni shiru kamar wani bature. Ina son a zage ni a bakin kabari. Na zagi babanki awa biyu, har mamanki ta yi dariya da hawaye a fuska. Ina bin gidanku wannan bashin."

"Zan zo da hoda buhu guda. Zan ce ga ɓarawon da ya mutu bai biya sadaki ba."

"Ki rantse."

"Na rantse. Yi shiru mana!"

Yatsanta ya tsaya a gindin zangarniyar, inda gashin masara ya zubo. Ɗaya daga cikin silin gashin ya fi sauran kauri kaɗan, ya lanƙwasa ya shige bayan ganye. Ta bi shi. A ƙarshensa ga ɗan ƙugu, ga ƙafa, ga kunne ɗaya, sauran jikin ya shige cikin ƙwayoyin masarar.

"Kai, tsohon banza," ta ce a hankali. "Mene ne wannan?"

Lombe ya duba agogo. Sha ɗaya da kwata.

"Minti sha ɗaya. Babanki ya taɓa yin kwana uku." Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Ba ni abin rubutu."

Ta ba shi biro. Ya buɗe shafin ƙarshe, ya dafa littafin a gwiwa don hannun ya tsaya, a layi na huɗu ya rubuta: ta gani. Ya sa kwanan wata. Ya miƙa mata.

"Je ki kashe su. Ai ku kuka saba."

"Kai ne da sayen abin sha ranar Juma'a."

"Juma'a kina Indiya. Na ci bulus."

Jirginta ya tashi Talata, 17 ga Satumba. Da littafin a gefenta ta goge ɓerayen duka cikin kwana goma sha tara, kamfanin ya tabbatar mata da aikin. Atamfofin suna shigowa Ndola a dila-dila, da lanƙwasar hannun Lombe, ba ɓera, ba sunan kowa. An rufe ɗakin zanen a Disamba kamar yadda aka ce.

Lombe Katongo bai sake zane ba. Ya rasu Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, aka binne shi Juma'a. Tika ta nemi hutun sati ɗaya, aka ce mata sai ta cika shekara. Wasu 'yan Ngoni biyu daga cocinsu suka shafa hodar, amma ba su san shi sosai ba, zagin bai wuce minti biyar ba.

Ranar 5 ga Maris wani ƙunshi ya iso daga Surat da sunan mamacin: atamfa yadi shida, zangarniyar masara da ganyen kabewa, zanen hannu ba na manhaja ba. A gindin kowace zangarniya, in an ƙura ido, akwai ɗan biri zaune da fensir a bayan kunne. Chilufya ta ce kalar ta yi kyau. Ta kai wa tela ya ɗinka mata labule.